Gwangwanin Madarar da Ta Ƙi Ɗauka

Babbar sista ta turo gwangwanin madara gaban mai jego, har ya hau kan katin awonta.

"Ɗauki, 'yata. Mai ɗauke da ƙanjamau ba ta shayarwa. Ni na san yaran da na rufe wa ido a ɗakin nan."

Ƙaramar nas na ɗora jaririn a sikeli, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Wancan lokacin babu magani, Sista. Tana shan nata, yaron na shan nasa. Nono zalla wata shida, ko ruwa babu."

"Ke dai da karatunki."

Mai jego ta zuba wa gwangwanin ido. Famfon layinsu ne ya faɗo mata, wanda sai ya ga dama yake ɗiga. Ga surukarta zaune a bencin waje, ba ta san komai ba, kuma muddin ta ga gwangwani sai ta tono dalili. 'Yan barka su zo, dole ta ba da nono a gabansu. Su tafi, a koma kwalba. Wannan haɗe-haɗen kuwa, sista da nas duk sun yarda shi ne haɗarin.

"Ki yi haƙuri, Sista, ba zan ɗauka ba."

"Kin fi ni sani ke nan?"

"Cuta kin fi ni saninta. Gidanmu kuwa na fi ki."

Ta ɗauki ɗanta ta fita.

"Kawo mini angona," in ji surukar. Ta leƙa fuskarsa, ta taɓe baki. "Dubi leɓensa a bushe. Rashin imani." Ta tsiyaya ruwa a murfin gora.

Mai jego ta riƙe mata hannu. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa yin haka ba.

"Inna, ban da ruwa."

"Ubansa da ruwa na raine shi, ga shi nan ƙato."

"Wannan ni zan raine shi."

Ta zauna tsakiyar matan da ke jiran layi, ta sa shi a nono. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Babbar sista na bakin ƙofa, gwangwanin a hannunta. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta mayar da shi bayanta, ta dubi surukar.

"Inna, tunda nono ta zaɓa, to nono kaɗai. Duk wanda ya ɗiga wa yaron nan ruwa, da ni zai yi."

Surukar ta dubi murfin, ta shanye abinta.