Shari'ar Tambarin Gauraka

Shekara ashirin da shida Lauya ta yi tana shari'ar tambarin kaya da rigimar kamfanoni, amma ba ta taɓa shiga akwatin shaida ba sai ranar Talatar nan. Ashe wurin matsattse ne haka.

Rigimar ta 'ya'yan Mai Takalmi ce. Marigayin ya fara da keken ɗinki ɗaya a rumfa, ya bar duniya da masana'anta mai ma'aikata tamanin, kowane takalmi da hoton gauraka a ƙasansa. Lauya ce ta yi masa rajistar tambarin tun tana sabon shiga. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya zo ofishinta yana dogara sanda, ya ce a mayar da tambarin sunan babban ɗansa.

"Auta fa, Baba?"

"Haba 'yata, babban wa ai uba ne. Zai riƙe musu su biyu."

"To bari mu rubuta hakan."

Ya yi dariya har da tari. "Ku lauyoyi, ko gaisuwa aka yi muku sai kun ce a sa hannu. Ciki ɗaya fa suka fito."

Tana da zaman kotu ƙarfe goma, ga cunkoso a hanya. Ta miƙa masa biro, ya sa hannu a kan takardar yadda take.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa 'yan'uwan suka ɓata. Auta ya fita da mutum tara, ya kama shago bayan tashar mota, ya ci gaba da buga gauraka. Wansa ya kai ƙara. Auta ya kira Lauya shaida, don ita kaɗai ta ji maganar uban.

Ta faɗi abin da ta ji, ba ragi ba ƙari. Sai lauyan babban ɗan ya miƙe. Tsohon ɗalibinta ne, shekara shida ya yi a ofishinta kafin ya buɗe nasa. Bai yarda sun haɗa ido ba.

"Malama, wa ya tsara takardar nan?"

"Ni."

"Akwai sunan Auta a ciki?"

"Babu."

"Kin rubuta maganar marigayin a wani wuri? Ko a gefen fayil?"

Ta san tambayar, ita ta koya masa: ka yi ta gajere, ka rufe ƙofa, kada ka bar shaida ya yi bayani. Ta buɗe baki za ta ce marigayin ba shi da lafiya a ranar, kuma yana mata dariya. Alƙali ya leƙo ta saman tabarau.

"E ko a'a, Lauya."

"A'a."

Bayan mako uku aka yanke hukunci. Tambari na mai takarda ne. An ba Auta kwana talatin ya sauke allon shago, ya kankare gauraka daga duk takalmin da ya riga ya ɗinka.

A barandar kotu Lauya ta tarar da mahaifiyarsu zaune a benci, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Babban ɗan ya riga ya fice ta ƙofar baya. Auta na tsaye ya juya wa kowa baya.

"'Yata, zo nan," in ji tsohuwar. "Ba za a iya komawa gaban wani alƙalin ba?"

"Za a iya, Mama. Amma takardar nan dai za a sake karantawa."

"Ke da ba a taɓa kayar da ke ba?"

An sha kayar da Lauya, amma ba yau ce ranar gyara wa tsohuwa zance ba.

"To kira min babban nasu. Ni ya daina ɗaukar wayata, ke wataƙila ya ji nauyinki."

Lauya ta zauna kusa da ita, ta lalubo lambar. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, a ringi na biyu aka kashe. Tsohuwar na kallon bakinta, ta damƙe mata gefen riga.

"Ya ɗauka?"

Lauya ba ta sauke wayar daga kunne ba.

"Tukuna, Mama," ta ce. "Bari mu ƙara jira kaɗan."