Ranar da Inna Dada Ta Dangwala

Shekara goma sha takwas Inna Dada ta yi a Kumasi tana tuyar ƙosai, kafin a koro baƙi ta dawo ƙauyensu Dingaya da mijinta, Malam Hambali. A can ta sha ganin matan Gana sun ci ado sun shiga layin zaɓe, ita kuwa baƙuwa ce, nata kallo. Da ta dawo gida ta tarar soja ke mulki, kuma ko kafin zuwansu, a Arewa maza kaɗai ke jefa ƙuri'a.

A daminar 1979 soja suka shirya miƙa mulki, ga sunayen mata a rajista. Inna Dada ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta kwaɓa baƙin tukunya da man gyaɗa, ta tara matan unguwa suna koyon dangwale a takardar buhun siminti.

Safiyatu, 'yar ƙanwarta da ke aure a Damagaram, ta zo ganin gida ta iske su suna ta shewa.

"Inna, ku kam kun ji daɗi," in ji ta. "Mu a Nijar ko mazan ba a tambayarsu."

"Taku na tafe, 'yar nan. Gobe ki raka mu ki ga yadda ake yi."

Ranar zaɓe aka wayi gari rafin da ke tsakaninsu da firamare, inda za a jefa ƙuri'a, ya cika. Mata suka yi cirko-cirko a bakin ruwa. Inna Dada ta tattare zane, ta ɗora katin zaɓenta a ka, ta shiga har ƙugu. Sai ga sauran sun biyo ta, hannu cikin hannu, ana guɗa.

A ƙetare Malam Hambali ya tare ta. "To Dada, wa za ki zaɓa?"

"Malam, wannan ko miji ba a gaya wa."

Ta shiga, ta dangwala, ta fito tana ɗaga yatsa sama. Safiyatu ta kama yatsan tana dubawa kamar sabon lalle.

Bayan kwana biyu sakamako ya iso daga Gwaram, hedikwatar ƙaramar hukumarsu. Malam Hambali ya shigo yana dariya, ɗan takarar jam'iyyarsa ya ci. Fuskar Inna Dada ta tona mata asiri, nata ya faɗi.

"Ashe ba tare muke ba!" in ji Malam Hambali.

Ta zuba masa fura ta miƙa. "Sha, Malam. Ka gaya wa naku ya yi mana gada, don mun iya hanyar firamare yanzu."