Talatin da Biyun Malam Chindo

A Garin Maje, can bisa tudu gabas da Gangara, da can in aka yi ruwa tsofaffi kan tsuguna su tona rairayi da hannu, su ga iya inda laima ta kai. Tun da aka kafa ma'aunin ruwa a bayan lakol, makarantar bokon garin, aka damƙa shi hannun Malam Chindo, sai aka huta da tono. Me za ka tona? In Chindo ya ce sha biyar, to sha biyar ne. Shekara goma sha huɗu yana wannan aiki: da sassafe ya juye ruwan cikin kwalbar awo, ya karanta, ya kira Malam Lurwanu na buro, wato ofishin noma, da azahar rediyo ta faɗa wa duniya. Ga shi da ji da kai a kan abin, kai ka ce shi ke saukar da ruwan.

Bana ƙarshen damina ya zo da rowa. Kwana ashirin ko ɗigo. Hatsi ya fid da kai ya tsaya jiran ruwa ɗaya ko biyu da zai cika masa ido, tafkin bakin burtali kuwa ya ƙafe har ya fara tsattsagewa.

Ranar kasuwar Gangara, a hanyar dawowa, Chindo ya ratsa da motonsa, ɗan babur ɗinsa, gidan ƙanwarsa Salamatu da ke aure a wani ƙauye cikin fadama. Ko kilomita shida babu tsakaninsu da gida. Yana shan fura da la'asar sai gabas ta haɗe, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwari ya cika, hanya ta yanke. Ya leƙa ta ƙofar zaure ya hango tudunsu baƙi ƙirin da hadari, ya yi hamdala, ya kwana nan.

Da safe salula ta yi ƙara. Malam Lurwanu ne.

"Malam Chindo, an tashi lafiya? Mun ji gefenku an sha ruwa. Nawa?"

Wallahi abin da ya kamata ya ce bai fi ƙarfin kowa ba: ban kwana gida ba. Amma mutumin da ke alfahari cewa shekara goma sha huɗu bai taɓa fashi ba, ina zai iya? Idonsa ya faɗa kan bokitin Salamatu da ya kwana a tsakar gida. Ya tsoma yatsa, ya duba inda ruwan ya tsaya.

"Talatin da biyu," ya ce.

Salamatu ta riƙe baki. "Yaya! A bokitin wankina kake yi wa buro awo?"

"Ke dai yi aikinki. Ai sama ɗaya ce."

Ashe ba ɗaya ba ce. Da hantsi, da ruwan kwari ya janye, ya kama hanya. Taɓo, taɓo, har gindin tudu. Nan laima ta tsaya cak, kamar an ja layi da kara. Daga can sama rairayi ne busasshe, moto na tayar da ƙura, ganyen hatsi duk ya nannaɗe. Bai ko biya gida ba, ya zarce bayan lakol. Cikin ma'aunin babu komai sai ƙura da wani mataccen ƙwaro.

Sau uku yana fiddo salula don ya gyara zancen, sau uku yana mayar da ita aljihu. Ya ce me? Kunya ta hana shi, har lokaci ya wuce.

Da azahar, gindin dogonyaron masallaci, rediyo ta jero garuruwa, ta ce Garin Maje milimita talatin da biyu. Aka fashe da dariyar takaici.

"A'a! Ruwan nan ya yi ladabi," in ji Baba Jibrilla, dattijon unguwa. "Ya zo ya tafi bai jiƙa kowa ba. Mutanen buron nan dai! Sun ɗauko na fadama sun manna mana."

Aka yi ta zagin rediyo da Malam Lurwanu. Ko mutum ɗaya bai kalli Chindo ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Matarsa Fati kaɗai, da ta ajiye masa tuwo, ta ce a hankali, "Malam, kai ka san inda ka kwana."

Washegari da rana tsaka sai ga ƙura a burtali. Buba ne, makiyayin da ke biyowa ta nan kowace kaka, da shanunsa sun fi arba'in. Jin sanarwar rediyo ya sa ya baro wani tafki can arewa da ke da sauran ruwa kaɗan, tun jiya yake tafe. Shanun sun san wurin, suka ruga da gudu, suka tsaya cirko-cirko kan busasshen taɓo suna kuka. Wata tsohuwar saniya ta durƙusa, ba ta ƙara tashi ba.

Mutane suka taru. Buba ya jingina da sandarsa, leɓensa duk ya bushe.

"Malam Chindo, ni ban san milimita ba," ya ce. "Na dai san in an ce Garin Maje talatin, tafkin nan yana kai wa saniya gwiwa. Shekara goma ina bin maganarka, ban taɓa zuwa na tarar da wani abu daban ba."

"Ba laifinsa ba ne, Buba," in ji Baba Jibrilla. "Chindo, kira mana Lurwanun nan, ka buɗe murya kowa ya ji. Yau sai ya gaya mana inda ya samo ruwansa."

Chindo ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi saniyar da ke kwance, ya dubi ƙafafun Buba da suka yi futu-futu.

"Baba, a bar Malam Lurwanu," ya ce. "Ni na faɗa masa. Ban kwana gida ba. A fadama na auna, cikin bokiti."

Da an zage shi da ya ji sauƙi. Buba ya ce, "To, Allah ya kawo haka. Ba komai," ya fiddo wuƙa ya nufi saniyar tun kafin ta mutu.

Chindo ya kira buro a gaban kowa ya faɗi gaskiya. Sannan ya tuɓe riga ya ɗauki guga. Rijiyar garin gaba talatin ce, ya yi ta ja yana zuba wa shanun har magariba, tafin hannunsa ya saɓule. Samari suka so su karɓe shi, ya ƙi.

Bayan kwana huɗu, da asuba, Allah ya saukar da ruwa a tudu, na gaske. Chindo ya je bayan lakol, ya juye a kwalba, ya karanta sau biyu, ya iso gindin dogonyaro inda aka taru ana murna.

"Sha tara," ya ce.

"Madalla, madalla," in ji Baba Jibrilla. Ya ajiye sandarsa, ya tsuguna da ƙyar, ya naɗe hannun riga, ya fara tona rairayi.