Rahoto Biyu da Hannu Ɗaya

Duk wanda ya karanta fiziks a jami'a ya san ba lissafi ne ke tsufar da ɗalibi ba, rahoton gwaji ne. Ka wuni a tsaye kana kallon ɗan ƙwallon ƙarfe yana lilo a bakin zare, ka dawo ɗaki ka cika takardu da manufa da kayan aiki da jadawali da giraf, a ƙarshe ka ɗora wa iska laifin duk kuskuren da ka tafka. Shi ya sa 'yan aji biyu suka gaji wata al'ada daga na gabansu. Wanda uzuri ya riƙe, abokin aikinsa zai sa masa hannu a takardar halarta, ya kuma rubuta masa rahoto. Su zumunci suke ce wa abin, dokar makaranta kuwa maguɗi ta ce, hukuncinsa kora.

Nu'uman gwani ne a wannan zumunci, har yana taƙama da shi. Yana da biro shuɗi nasa, da baƙi na abokinsa Ja'afar. Idan zai yi na Ja'afar sai ya kwantar da rubutun, ya ɗan jirkita lambobi, ya sa nasa sakamakon ya haura amsar da ake nema, tara da ɗigo takwas, kaɗan, na abokin ya gaza kaɗan. Har ɗan goge-goge yake bari a shafin ƙarshe, wai ai Ja'afar bai taɓa yin aiki da tsabta ba.

Ranar Juma'a Ja'afar ya tafi ƙauyensu da ke tsallaken kogin Haɗeja. Ruwa ya taso, shinkafa ta nuna, kowane gida na neman hannun da zai yanke ta kafin ambaliya ta riga su. Ya ce Litinin da safe zai dawo, in kuma ya makara Nu'uman ya san abin da zai yi. Litinin ta yi bai zo ba, wayarsa a kashe. Wannan bai dami kowa ba, garin da sai an hau tudu ake samun sabis. Nu'uman ya yi gwajin shi kaɗai da rana, ya sa hannu sau biyu, ya miƙa rahoto biyu, yana ƙunƙunin cewa bana sai Ja'afar ya biya shi da bandar kifi.

Ranar Laraba aka ce Dakta Fannami, malamin da ke kula da gwaje-gwaje, yana nemansa a ofis. Duk hanya yana ta tsara ƙarya yana rushewa, don ya tabbata asiri ya tonu.

Sai ya tarar da Dakta cikin fara'a, abin da bai taɓa gani ba. A kujerar baƙi wani dattijo ne zaune, bakin wandonsa duk busasshen taɓo, idanunsa jawur kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba, amma yana murmushi. Dakta ya ce wannan Malam Yunusa ne, mahaifin Ja'afar. Nu'uman ya durƙusa ya gaishe shi.

Dattijon ya shiga ba da labari, da ganinsa ka san ya sha ba da shi tun jiya. Kwalekwalen da ya ɗauko su Ja'afar ranar Litinin da safe ya kife a inda ruwa ke juyawa, kusa da duhuwar ciyawar kacalla. An tsamo mutane a rikice, wasu sun fita ta wancan tsallake, wasu ta wannan, ba wanda ya iya cewa ya ga Ja'afar. Masunta suka bazu da gorunansu da jiragensu, suna kutsawa cikin kacallar nan da ta fi mutum tsawo, don sau da yawa wanda ruwa ya ja yakan maƙale a ciki ya daɗe da ransa. Jiya Talata da hantsi ƙanin dattijon ya samo lambar makaranta ya buga. Dakta da kansa ya duba, ya ce su kwantar da hankali, yaro ya yi gwaji Litinin da rana, ga sa hannunsa, ga rahotonsa a kan tebur. Nan take aka kira masunta aka sallame su, uwar yaron ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida.

Nu'uman ya kai idonsa kan tebur. Ga rahoton nan a gaban Dakta, baƙin biro, kwantaccen rubutu, an ma ba shi maki mai kyau.

"Na zo ne in gan shi da idona, in kuma ja masa kunne," in ji Malam Yunusa. "Ko wayar ta faɗa ruwa ai sai ya ari ta wani. An ce kai ne abokin aikinsa. Yana ina, ɗana?"

Tunanin kora ya zo wa Nu'uman, da fuskar mahaifiyarsa, da cewa yana iya faɗin Ja'afar ya ɗan fita, ya samu ya tsere daga ofishin. Amma tsoron halin da Ja'afar ke ciki ya fi ƙarfin wannan duka.

"Baba, ni na rubuta."

Dattijon bai gane ba. Ya ce to madalla, ai haka ake son abokai, taimakon juna, amma shi yaron yake tambaya. Dakta Fannami ne ya fara fahimta. Ya jawo rahoton, ya zaro na Nu'uman daga cikin tarin, ya jera su, ya dubi wannan ya dubi wancan. Ya cire tabarau. Da murya ƙasa-ƙasa ya tambaya wa ya sa hannu a takardar halarta. Nu'uman ya ce shi ne. Ya tambaye shi yaushe rabonsa da Ja'afar. Ya ce tun Juma'a.

Murmushin bai bar fuskar Malam Yunusa lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa janyewa. Ya dubi Dakta yana jiran a ce masa yaron nan shirme yake. Dakta ya kasa haɗa ido da shi.

Dattijon ya yi salati sau ɗaya. Bai zagi kowa ba, Nu'uman kuwa ya so a ce ya zage shi, ko ya kife shi da mari. Sai dattijon ya laluba aljihu ya fito da 'yar wayarsa, yatsunsa suka kasa danna lamba, sai ya miƙa wa Nu'uman ya ce ya nemo masa sunan Usman, ƙaninsa. Da aka ɗauka ya ce a tara masunta yanzu-yanzu, a mayar da jirage ruwa, kada a faɗa wa uwar tukuna.

Ya kashe wayar ya miƙe, ya dafa ƙofa. Ba da kowa yake magana ba sa'ad da ya ce:

"Jiya da safe wani masunci ya ce ya ji kamar ana kira daga can cikin kacalla. Suna shirin sare hanya su shiga amsar makaranta ta zo. Ni da bakina na ce su fito."