Jan Fenti a Jikin Gawo

Tun ranar da Tanimu ya ga jan fenti a jikin itatuwan gawo bakwai ɗin nan ya gaya wa matarsa Hamsatu cewa ɓarna na tafe.

Filin yana bakin garin Yamai. Tun zamanin Nasara aka keɓe shi don jirgin ƙasa. Jirgi bai zo ba, suna ya zauna, kowa na cewa filin jirgi. Bana, da fari ya cinye damina, wani kamfani ya sami izinin gina manyan mangazu na ajiye kaya a wurin. Izinin ya zo da sharaɗi: itace mai rai ba a taɓa shi, sai katanga ta kauce masa. Matacce kuwa a sare, a dasa dogonyaro goma a madadinsa. Injiniyan da aka ɗauko daga ƙasashen bakin teku ya zo cikin Agusta, ya ga gawo babu ganye ko ɗaya, ya rubuta duk sun mutu, ya sa aka shafa musu jan fenti, ya koma.

Ƴaƴan gawon nan Tanimu ke tsinta da rani ya tara a buhu, da su yake ciyar da akuyarsa. Nonon akuyar kaɗai ke zama a cikin Jamila, ƴarsa mai shekara biyu, tun da na uwarta ya ƙafe.

Ranar da katafila ta iso, ta tarar da shi zaune a gindin babban gawon, akuya ɗaure a gefensa. Lawali, shugaban leburori, mutumin Tawa ne kamarsa.

"Malam Tanimu, tashi. Inuwar me kake sha a ƙarƙashin ƙirare?" in ji Lawali.

"Kai ma ƙirare za ka ce? A gonar babanku guda nawa ne? Yaushe ka taɓa ganin gawo da ganye cikin damina?"

Lawali ya kau da kai. "Na sani. Amma takarda ta ce ya mutu."

"To takarda ta zo ta tashe ni."

"Goma-goma fa za a dasa muku."

"A wannan farin wa zai ba su ruwa? In ma sun kama, ka tambayi akuyar nan ko tana son dogonyaro."

Leburori suka yi dariya. Dariyar ce ta jawo sarjan ɗin da aka sa gadin wurin, bindiga rataye a kafaɗa. A shekarun nan mutum ba ya musu da soja.

"Baba, umarni ne. Miƙe," in ji sarjan.

Tanimu ya miƙe, ya zaro wuƙa daga kube. Sarjan ya kai hannu ga bindiga. Tanimu bai dube shi ba. Ya juya ya yanki ɓawon itacen daidai kan fentin, ya miƙa masa. Cikinsa ɗanye shar, da danshi.

"Ranka ya daɗe, ga gawar. A shinshina."

Sarjan ya karɓa, ya murza da yatsa, ya kai hanci.

"A ƙauyenmu," in ji shi, "wanda ya sare wannan sai ya kwana a hannun ƴan gandun daji." Ya dubi Lawali. "Kai katafilarka can ƙarshen filin. Ba ni da ikon canza takarda. Amma ba a taɓa su sai ƴan gandun daji sun zo sun gani."

"In injiniya ya riga su zuwa fa?" in ji Lawali.

"Sai ya kawo wanda ya fi ni yawan gala a kafaɗa."

Tun daga ranar, Tanimu ya bar wa Hamsatu teburinsa na goro. Kullum da safe yakan ja akuya zuwa filin, ya zauna a gindin gawon, yana ɗaga kai yana duba rassa. Ganye ba ya fitowa sai damina ta wuce, saura wata biyu. Har yau ba wanda ya san wa zai riga isowa, ƴan gandun daji, injiniya, ko ganyen.