Waƙar Baballe Mai Allura

Ranar da dariya ta maƙale mini a wuya, mu takwas ne tsaye a kan Malam Shiru. Sunan da muka raɗa wa gawar da aka ba rukuninmu a ɗakin fiɗa ke nan, kuma ni na raɗa, don a ajinmu na koyon likitanci a Zariya in ka ji an fashe da dariya, to ni Garzali ina kusa. Warin maganin da ake jiƙa gawa yana sa mu hawaye, fankar sama tana juyi kamar an yi mata dole. Malaminmu, wani tsohon Ba'indiye mai tabarau a karan hanci, ya sa hantsaki ya ɗago wata farar jijiya mai kaurin ɗan yatsa daga ɗuwawun Malam Shiru.

"Ku dube ta da kyau," in ji shi. "Ita ke riƙe da ƙafa. Mai yin allura ya raba ɗuwawu gida huɗu, ya soka a sama ta gefen waje. In ya kuskura ya sauko ya same ta, ga abin da zai biyo baya."

Sai ya ajiye hantsakin ya soma tafiya. Ya ɗaga gwiwa sama, tafin ƙafar yana reto, ya sauke shi fat a kan siminti, ya sake ɗagawa. Ajin ya kwashe da dariya, har wata ta dafa tebur. Ni kuwa jikina ya yi sanyi ƙalau, domin na san tafiyar nan. Shekara goma sha uku ina jin wannan fat ɗin a tsakar gidanmu. Tafiyar ƙanwata Saude ce.

* * *

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babban kanal ɗin da ya mai da mu manoman tumatir da alkama. Ruwan ya kawo mana albarka, ya kuma kawo mana sauro rani da damina. An gina mana ɗakin shan magani, aka shafa masa fenti, aka yi biki, aka kulle. Awaki ne ke hutawa a barandarsa har yau. Likitanmu shi ne Baballe, wanda ya yi shekara biyu yana sharar wani asibiti a birni, ya dawo da farar riga da akwatin ƙarfe, ya buɗe kemis a bakin kasuwa.

Saude tana da shekara shida zazzaɓi ya kama ta, ni ina da goma. Da ƙafarta ta je shagon, har tana tsallake kwata. Da ta ga allura ta soma shure-shure, sai Baballe ya ce, "Kai yaro, danne min ƙafafunta." Na danne iya ƙarfina, ina jin daɗi an sa ni aikin manya. Ya soka. Ta yi wani irin ihu, tana cewa wuta ta shiga ƙafarta. Da aka tsai da ita sai ta faɗi.

"Shan inna ne," Baballe ya ce wa Iya, mahaifiyarmu, yana goge allurar da gefen rigarsa. "Allah ya so ku kun zo da wuri, da duka biyun za su tafi."

Iya ta durƙusa ta yi masa godiya. Wallahi sai da ta aika masa da zakara.

Ranar Juma'ar makon da na ga jijiyar nan na hau mota na tafi gida. Lokacin tsinkar tumatir ne, kwanduna jibge a bakin hanya, na tarar da Iya tana yanka wanda bai sayu ba za ta shanya. Na zauna na zayyana mata komai, har da zane a ƙasa. Ba ta ajiye wuƙar ba.

"Yanzu ƙafar za ta dawo ne?"

"Ba za ta dawo ba, Iya, amma mutumin nan..."

"To ka rufa mana asiri. Yarinya ta yi aure, ta haihu, Allah ya rufe. In ka ɓata mu da Baballe ka koma Zariyarka, wa zai duba mu?"

Na tashi zuciyata na tafasa, na nufi kasuwa. Baballe ya yi ƙiba, ya yi furfura, farar rigar ta zama ruwan ƙasa. Allura guda ce a cikin kofin silba, ita yake tsamowa ya soka wa wannan, ya mayar, ya tsamo ya soka wa wancan. Yana ganina ya buɗe hannu.

"A'a, abokin aiki! Ku ba likita kujera."

Na faɗa masa abin da ya kawo ni, a gaban mutane. Na ce shi ya kashe ƙafar Saude, na kira masa sunan jijiyar da Turanci don in ƙona masa rai. Ya saurara yana murmushi, ya juya ga masu jira.

"Kun ji ɗan boko. Mutum nawa ka taɓa yi wa allura, Garzali?"

Ban taɓa yi wa kowa ba. Gawa kawai na sani. Aka yi mini dariya, kuma a rayuwata ban taɓa zama wanda ake yi wa dariya ba sai ranar.

* * *

Ni da waƙa nake karatu. Tun ina sakandare nake da ɗan kuntigi da na haɗa da gwangwanin kifi, kuma da na shiga jami'a na ga littattafan da za su iya karya wa jaki baya, sai na riƙa zuba sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi cikin kiɗa, ina ɗauka a rediyona mai kaset. Ƙasusuwan wuyan hannu takwas na mai da su 'yan gida ɗaya masu rigimar gado. 'Yan ajinmu har layi suke bi su ari kaset ɗin, ana wanki ana rerawa, ana cin garin kwaki ana rerawa. Da haka nake cin jarrabawa, kuma da haka nake hana kaina haukacewa.

Da na dawo daga gida ban sake yi wa ƙashi waƙa ba. Baballe na sa a gaba. Ina zaune a lakca malami yana bayanin yadda ƙoda ke tace jini, ni ina neman kalmar da za ta fi yi masa ciwo. Ba na son a kama shi, ba na son a yi masa nasiha. So nake ya fito kasuwa yara su bi shi da tafi, ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya kwashe akwatinsa ya bar garin da ƙafarsa, tunda shi nasa biyu lafiya suke. Mako uku ina gyara waƙar. Ga amshin:

Baballe mai allura, sarkin kashe ƙafa,
A zo maka da gudu, a koma da sanda.
Bai san jijiya ba, bai san ƙashi ba,
Inda ido ya faɗa nan yake soki.

Na jera masa baiti goma sha biyu. Na taɓo sharar asibiti, na taɓo kofin silba, na taɓo tumbinsa da rigar da ba ta san sabulu ba. Na sa wa kiɗan zaƙi da gangan, don na san mutanenmu, maganar da ba a taka mata rawa ba ba ta shiga kunnensu. A cikin wannan hidima aka yi mana gwaji, na faɗi warwas, karo na farko tun da na shigo. Malamin ya kira ni ofis ya ce in na sake sai in maimaita shekara. Na ce to, na fito ina rera baiti na tara a zuci.

Ɗan kawuna Lukmanu direban motar tumatir ne, yana bi ta Zariya in zai yi Kudu. Na tare shi a tasha na ba shi kaset ɗin da na ɗauki waƙar. Ya saka a mota, bai kai baiti na uku ba ya kifa kai a sitiyari yana dariya.

"Kai, Garzali, ba ka da imani! Bari in kai wa mai kaset na Kura ya buga. Wallahi sai ta zaga."

Ta kuwa zaga. Bayan wata biyu Lukmanu ya ce mini masu shayi sun samu, 'yan ga-ruwa na rerawa, mata na daka da ita, masu ban ruwa a gona suna yi wa juna amshi daga wannan fage zuwa wancan. Na ji wani sanyi a raina irin wanda ban ji ba tun ranar Malam Shiru. Na koma kan littattafaina, na yi karatu kamar zan mutu, na ci jarrabawar ƙarshen shekara da kyar. Duk dare in na rufe littafi sai in hango shagon Baballe a kulle, awaki a bakin ƙofa.

* * *

Hutun damina na tamanin da shida na koma gida. An kwana ana ruwa, mota ta sauke mu tun a kwalta, don hanyar ƙauyenmu ta zama kunu. Na naɗe wando na taka. Tun kafin in shiga kasuwa na jiyo kuntigina, na jiyo muryata, sai na ƙara sauri ina murmushi.

Daga shagon Baballe take tashi. Ya sayi babbar rediyo ya ɗora a kan benci. Ya ƙara rumfa, ya yi sabon allo, an rubuta da jan fenti: Baballe Mai Allura Na Cikin Kaset. Mata sun fi ashirin a layi, kowace da yaro a kafaɗa, har da waɗanda ban sani ba, daga gani daga wasu ƙauyukan suka zo. Wata tana jijjiga ɗanta daidai da kiɗan.

"Ga mawaƙina!" Baballe ya ɗaga murya. "Garzali, Allah ya yi maka albarka. Da iyakacina garin nan, yanzu har daga Madobi ake zuwa. Sun ce wanda aka yi wa waƙa ai ba ƙaramin likita ba ne."

 Da akwai tabarya kusa, ban san abin da zan aikata ba. Ina tsaye ina huci sai na ji sautin nan a bayana, a cikin laka, fat, fat. Na juya. Saude ce, zanenta ya jiƙe har gwiwa, ta rungumo 'yarta Baraka, 'yar shekara biyu. Idanun yarinyar sun kakkafe, jikinta kamar garwashi.

"Saude, ina za ki kai ta? Kin san kuwa wanda ya..."

"Na sani, Yaya."

"Iya ce ta faɗa miki?"

"Ni aka soka," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Tun ranar na sani. Kai ne sai da ka je Zariya."

Na ce mu tafi asibiti a birni. Ta ce mijinta tun asuba ya fita neman mota, babu wadda za ta shigo sai hanya ta sha iska, ita kuma ba za ta iya kai kwalta da wannan ƙafar ba. Na ce ni zan goya yarinyar in kai ta. Ta ce ko na kai kwalta, awa nawa kafin birni? Yarinyar ta sake sanƙarewa a hannunta.

"To kai ka yi mata, Yaya. Ba likita kake karanta ba?"

Shekarata uku ina karatu. Na san sunan kowace jijiya a jikin yarinyar nan, na san waƙar kowane ƙashi, amma ban san ko ɗigo nawa ake ja a sirinji ba, ba a kai mu nan ba tukuna. Na sunkuyar da kai. Saude ta wuce ni, matan suka buɗa mata hanya.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Na sa mai shayin gefe ya tafasa allurar a tukunyarsa, Baballe yana dariya yana cewa a bar ɗan boko ya yi bokonsa. Aka kwantar da Baraka rub da ciki a cinyar uwarta. Da ta ji sanyin hannun Baballe sai ta soma shure-shure. Saude ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, riƙe min ƙafafunta."

Na durƙusa a laka. Na haɗa ƙafafun nan biyu a hannuna na hagu, ƙanana, masu zafi, lafiyayyu. Na raba ɗuwawun gida huɗu da ido, na ɗora ɗan yatsana na dama a sama ta gefen waje, na danna.

"Nan," na ce. "Don girman Allah, Baballe, nan."

Ya ɗaga kafaɗa, ya soka dab da farcena. Baraka ta tsala ihu. Na saki ƙafafun ina kallon 'yan yatsunta, ban numfasa ba sai da na ga goman duka sun motsa.

Baballe ya jefa allurar cikin kofin silba, ya ce ta gaba ta matso. Kaset ya kai ƙarshe ya tsaya. Wata tsohuwa a layi ta miƙa hannu ta juya shi, ta danna, muryata ta sake tashi daga farko.