Kwaɗo a Gindin Lemo

Tun da famfon gidan hayar ya daina kawo komai sai iska da gurnani, ikon tankin ruwa ya koma hannun dattijon da ke ɗakin kusa da ƙofa. Ba wanda ya zaɓe shi. Da safe kawai aka wayi gari ya kwance kan famfon tankin ya jefa a aljihu, ya ce daga yau mai son ruwa ya zo da bokitinsa ya bi layi. Ƙuruciyarsa duk a duba tikitin fasinja ya ƙarar da ita, saboda haka tsayawa a kan mutane yana ƙare musu kallo ba sabon abu ba ne a wurinsa. Kafin mako ya zagayo sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa sai Baban Tanki.

A gaskiya ya iya rabo. Motar ruwa ba ta zuwa sai ran da ta ga dama, amma ba a taɓa kwana da tanki a bushe ba. Dokokinsa ne dai suke da tsauri. Ruwan da aka yi wanka ko wanki ko wanke-wanke da shi ba a zubarwa, sai a juye a shuɗin durom ɗin da ke bakin banɗaki. Shuka kuwa, ko ɗigo ba ta da rabo.

Wannan doka ta biyun Nas ta fara cinyewa. Nas ɗin, ma'aikaciyar asibiti, tana ɗakin ƙarshe, barandarta cike da tukwanen fure. Ran da ya kama ta tana ba su ruwan wankin kayan aikinta, ta yi ta magiya, ya ce mata fure in ya bushe ba ya damun hancin kowa, banɗaki kuwa yana damu. Furannin suka bi juna suka bushe. Ba ta kwashe tukwanen ba, ta bar su a jere da ƙirarensu, gaisuwarta da shi kuma ta koma gajera kamar ana sayar mata da kalmomin.

To, abin da ya sa labarin ya zama labari shi ne, Baban Tanki ma yana da shuka. Lemon tsami ne a tsakar gida, cikin rabin durom, wanda marigayiya matarsa ta dasa da hannunta. Ta raine shi tun yana kamar tsinke, tana yi masa hira, tana cewa ran da ya fara 'ya'ya ta daina ba mai lemo kuɗinta. Ba ta ga ranar ba. Sai bana, shekarar da ruwa ya yi yaji, lemon ya ga dama ya fitar da furensa na farko.

Dattijon ya rasa inda zai sa kansa. Bakin da ya kashe furannin Nas ba zai buɗe ya ce a ba lemo ruwa ba. Sai ya samo busasshiyar ciyawa ya lulluɓe gindin, ya yanko kwali ya rufe a kai, wai ko ɗan damshin da ya rage zai jima. Da la'asar yakan ja kujerarsa kusa da shi. In matar ɗansa ta kawo masa abinci da kofin ruwa, sai ya kurɓi baki ɗaya, ya waiga hagu ya waiga dama, ya yi kamar yana miƙa, ya tuttule sauran ta ƙarƙashin kwalin. Ya gaya wa zuciyarsa cewa wannan ba karya doka ba ce, ƙishirwarsa ce ya ba da aro.

Duk da haka lemon bai gode ba. Ganye ya fara komawa ruwan ɗorawa, furen ya kakkaɓe, kowace safiya sai ya tsinci ganyaye a kan siminti. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya rage cin abinci, leɓensa ya tsage, faɗa kuma ya ƙaru. Ya lura shuɗin durom ɗin banɗaki ba ya cika kamar da, ya tara mutanen gida ya tambaye su ko sun daina wanka ne, in sun daina su faɗa don a san nisan da za a riƙa ba juna. Tela, mai ɗakin tsakiya, ya ce zafi ne ke shanye ruwan. Mai Kitso, wata 'yar hayar, ta ce ita ma haka ta gani. Kowa ya kalli ƙasa.

Telan ne ya same shi daga baya, ya rage murya ya ce a sassauta dokar mana, ko don lemon marigayiya Mama. Baban Tanki ya ɗaga kai ya hango tukwanen Nas, ya ce doka ba riga ba ce da za a buɗa ta in ta matse mai ita. Amma da Tela ya juya baya, sai da dattijon ya goge ido da hannun riga.

Ran wata Asabar ya yanke shawara. Gara ya tumɓuke lemon da hannunsa da ya zauna yana kallonsa yana mutuwa ganye-ganye. Ya gama rabon ruwa, ya mayar da kan famfo aljihu, mutane ba su gama watsewa ba ya ɗauki sandarsa ya nufi rabin durom ɗin. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗaga kwalin.

Wani ƙaton kwaɗo ne zaune a ƙarƙashi, jikinsa na sheƙi, ya ƙoshi har wuya. Ya dubi Baban Tanki, Baban Tanki ya dube shi. Kwaɗon ya ga ba a zo da alheri ba, ya yi tsalle ya dira a kan siminti, ya bar sawun jiƙa.

Dattijon ya yaye ciyawar, ya caka sandarsa. Sandar ta lume kamar a bakin fadama, da ya zaro ta sai ga taɓo yana ɗiga, wani tsamin wari ya taso. A gidan da ake auna ruwan wanka da kofi, lemo na tsaye cikin tabki har wuya.

“Kowa ya ajiye bokitinsa,” in ji shi. “Ba inda za ku.”

Tsohon aikin ya motsa. Ya sa tabarau, ya tona taɓon da bakin sanda, yana ciro shaida ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙwayoyin shinkafa sun kumbura. Ga silin gashi ya nannaɗe a saiwa. Ga guntun jan zare, har da wani ɗan maɓalli. Ya shinshina bakin sandar, ya ce wannan kuma sabulun asibiti ne, ko a mafarki ya san shi.

Matar ɗansa ce ta fara karaya. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce ruwan wankin shinkafa ne kawai, in ya shiga barcin rana take zubawa, don ta ga ba ya cin abinci. Mai Kitso ta ce ita dai na wanke kan mutane ne, kuma ta rantse ta ɗauka ita kaɗai ce ke yi. Tela ya ce nasa bai kai a kira shi ruwa ba, ragowar na gugar tufafi ne, sai dai in ya ga ganyen ya ƙara rawaya yakan haɗa da na wanka. Ashe kowa in ya ga lemon ya ƙara lanƙwasa sai ya ce ƙishirwa ce, ya faki ido ya ƙara masa bokiti. Sun taru da kyakkyawar niyya suna ta nutsar da shi.

Baban Tanki ya buɗe baki zai fara wa'azi, sai Tela ya yi gyaran murya.

“Baba, tunda ana tone-tone, ni fa tagata tana kallon kujerarka. Kofin nan na la'asar, a wane aljihun doka yake?”

Mai Kitso ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Dattijon ya nemi fushinsa sama da ƙasa ya rasa, sai ya ce kofi ɗaya ai ba ya haifar da kwaɗo. Nan fa dariya ta ɓalle, har matar ɗansa da ke durƙushe sai da ta juya baya.

Nas kaɗai ce ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kare kanta ba. Ta zo ta tsuguna, ta kankare bawon lemon da farce, ta duba. Ta ce cikinsa kore ne, zai tashi, in dai an huda gindin durom ɗin ruwan ya tsiyaye, aka kuma ƙyale shi ya ji ƙishirwa ta gaske na ɗan lokaci. Baban Tanki ya ji wani abu mai nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Nan take ya sanar cewa daga yau an hana ba lemo ruwa. Tela ya ce ai dokar da ma tana nan, biyayya ce ta yi tafiya.

Aka kawo ƙusa da guduma, aka tura baho ƙarƙashi. Tela ya buga sau biyu, baƙin ruwa ya tsinke yana zuba. Ana cikin kallonsa dattijon ya matsa kusa da Nas. Tambayar na cin sa tun ɗazu, don warin sabulunta ya fi na kowa ƙarfi a taɓon.

“'Yar nan, na sauran na gane. Ke fa? Ni na kashe miki naki.”

“Ba don kai na yi ba, Baba, kar ka ji daɗi,” ta ce, tana ɗan murmushi. “Ran da na tare a gidan nan ban san kowa ba, ina zaune a kan akwatina kamar marainiya. Mama ce ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da tukunyar fure a hannu, ta ce ɗaki ba ya zama ɗaki sai da abin da za a riƙa yi wa sannu. Daga ita na fara tara sauran.”

Baban Tanki bai san wannan ba. Ya juya yana kallon barandar Nas, kunya da kewa suka taru suka rufe shi. Ashe tun tuni ya hana wata shukar matarsa ruwa, yana ta tinƙaho da adalci.

Baho ya cika. Kowa ya zuba masa ido, don bisa doka wannan ruwan na shuɗin durom ne. Tela ya sunkuya zai ɗauka, dattijon ya ture hannunsa, ya miƙa wa matar ɗansa sandar, ya tattare hannun riga ya ciccibi bahon da kansa. Yana tafe ruwan na fallatsar masa a ƙafa. Ya zo daidai bakin banɗaki, bai ko kalli shuɗin durom ɗin ba, ya wuce har ɗakin ƙarshe, ya dire bahon a gaban busassun tukwanen yana haki.

“Wacce ce tata?”

Nas ta nuna wata 'yar tukunya mai tsagaggen baki a can gefe. Ya tsuguna, ya kankare ƙiraren da farce yadda ya ga ta yi. Sama ya bushe ƙayau, amma can ƙasa kusa da gindi akwai ɗan kore. Ya haɗa tafin hannunsa ya kamfato ruwan, ya zuba a hankali.

“Ya isa haka, Baba,” in ji Nas. “Kar ita ma mu nutsar da ita.”